Ranar da Muka Ja wa Jaɓɓi Labule

Shekaru sun tura, abubuwa da yawa na aikin jinya sun zube mini daga kai, amma ban taɓa mantawa da ranar da muka ja wa mai rai labulen masu mutuwa don kawai ya samu ya sha ruwa ba. Ƙananan ma'aikata sukan tambaye ni yadda muke yi da masu tsakuwar ƙoda a zamanin da babu na'urar hoto kusa da mu. Wannan labarin nake ba su.

A shekarun farin nan ne na farkon alif ɗari tara da tamanin. Ina malamin jinya a wani ƙaramin asibitin karkara tsakanin Isa da Sabon Birni. Ɗakin maza ɗaya, na mata ɗaya, sai ɗakin magani da ofis. Ba mu da likita zaunanne. Ranar kasuwa yake zuwa, ya duba waɗanda muka tara masa, ya koma. Sauran kwanakin kuwa mai faɗa a ji shi ne babban malamin jinya, Malam Mainasara, wanda kowa ke kira Incaj, wato shugaban wurin. Ni ke riƙe da ɗakin maza. Ɗakin mata yana hannun Hajiya Ige, ungozoma mai sanyin hannu da zafin baki.

Ga wanda ba ma'aikacin lafiya ba, ga yadda ciwon yake. Fitsari yana ɗauke da wasu gishiri-gishiri da jiki ke fitarwa. Idan mutum ba ya shan isasshen ruwa, ga gumi yana tsiyaya, sai fitsarin ya yi kauri, gishirin ya daskare a cikin ƙoda ya zama tsakuwa. Muddin tana zaune, mai ita yakan yi ta harkarsa. Ranar da ta taso ta shiga siririn bututun da ke kai fitsari mafitsara, ranar ce za ka ga ƙato yana birgima a ƙasa. Ciwon yakan kama daga kwiɓi ya gangaro mara, da amai, wani lokaci da jini a fitsari. Idan ƙarama ce, aikinmu sananne ne: allurar kashe zafi, ruwa mai yawa, sannan a riƙa tace fitsarin da ƙyalle har a ga ta faɗo. Idan fitsari ya ɗauke ko zazzaɓi ya shigo, to hanya ta toshe, sai a ɗauki mutum zuwa Sakkwato a yi masa aiki.

Wato maganin da ya fi kowane araha a littafi, shi ne ya fi kowane wuya a ƙasar. Gulbi ya koma rairayi, rijiyoyi sun ja ƙasa, abin da ake samu a gindinsu rabinsa laka ne. Ledojin ƙarin ruwa 'yan kaɗan da muke da su, na yara masu gudawa ne da mata masu zubar jini. Mu kuwa muna da tanki a bayan ofis, wanda mota ke zuwa ta cika in ta ga dama.

Tankin nan ya sa zumunci ya bunƙasa a yankin fiye da yadda wa'azi ya taɓa sa shi. Mutum zai kwanta da ƙaya a ƙafa, sai ka ga unguwarsu duka ta zo dubiya. Kowa ya durƙusa ya ce, "Sannu, Allah shi sawwaƙa," ya ɗauki moɗar majiyyaci ya kafa kai, ya sake cewa sannu, ya ba na bayansa wuri. Wasu ma sai sun sha suke tambayar sunan wanda suka zo dubawa.

Incaj ya gaji, kuma yana da gaskiya. Ya tara mu ya kafa doka. Makullin tanki yana aljihunsa. Ruwa na majiyyaci ne kaɗai. Kowane majiyyaci zai sami galan, kuma ba zai sha ba sai a gaban shaida. Shaidar nan dole ya kasance ɗan'uwansa, babba, mai mutunci. Galan yana hannun shaida, in ya tashi ya tashi da shi. Ma'aikaci ba ya zama shaida, don mu ma Incaj ya lura muna yawan lasar leɓe.

Hajiya Ige ta ce, "Ranka shi daɗe, wanda aka ja wa labule hwa? Shi ma sai an nemo mishi shaida kahin a ɗiga mishi ruwa ga baki?"

Incaj ya ce, "Wanda aka ja wa labule ya wuce doka. Shaidarshi Allah."

Labulen da take nufi wani koren ƙyalle ne a jikin ƙarfe mai taya, shi kaɗai muke da shi. Ba a fito da shi sai mutum ya zo gargara, a kare shi daga idon jama'a. Tayarsa ɗaya tana ƙara, kuma duk wanda ya taɓa jinya a asibitin ya san ƙarar nan.

Dokar ta yi aiki. 'Yan dubiya suka ragu, zumunci ya koma yadda yake da. Wani babban jami'i da ya zo rangadi ya yaba, ya ce tsari ne da ya kamata sauran asibitoci su koya. Daga ranar Incaj ya daina kiranta doka, ya koma cewa "tsarina". Yana da wata kwalba a kan teburinsa inda yake tara tsakuwoyin da suka fita a asibitin, ya riƙa girgiza ta a gaban baƙi.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa, sai ga wani tsoho yana jan jaki. A kan jakin wani magidanci ne ya dunƙule, ya ciji leɓe. Tsohon yana gaba, bai waiwayo ko sau ɗaya ba. Makiyaya ne daga wata ruga wajen Burkusuma. Sunan tsohon Baffa Juli, mara lafiyar kuma Jaɓɓi.

Na ce, "Mi ke damunka?"

Jaɓɓi ya saci kallon tsohon, gumi na zuba masa har gemu, ya ce, "Ba komi, Malam. Ɗan kwiɓi na ke motsi."

Da tsohon ya ja jakinsa ya nufi gindin dalbejiya don ya ɗaure, sai Jaɓɓi ya damƙe mini hannu har ƙashi ya yi ƙara.

"Malam, wuƙa ce a cikina. Yi abin da za ka yi kahin shi dawo."

Likita yana nan ranar. Ya duba shi, ya ce tsakuwa ce, kuma da alama ƙarama. Ya rubuta allura, ya ce a ba shi ruwa safe da yamma, a tace fitsari. Ya ƙara da cewa, "In na dawo kasuwa mai zuwa ba ta fita ba, ko fitsari ya ɗauke, ku sa shi a mota sai Sakkwato."

Da Jaɓɓi ya ji Sakkwato sai ya manta da ciwon. Ya ce mini 'yan'uwansa duk sun yi kudu da garke, sun bar masa raunanan shanun da ba za su iya tafiya ba. Su ne dukan abin da ya rage wa gidan. Kullum shi ke hawa gawo ya sassaro musu ganye. Wani maƙwabci ya yarda ya riƙe masa su zuwa kasuwa mai zuwa, daga nan shi ma zai tashi. In aka kai shi Sakkwato aka yanka, kafin ya warke ya dawo sai dai ya iske fatu.

Wannan ƙaura ta 'yan'uwa ita ta sa babu wanda zai rako shi sai Baffa Juli. Shi kuma tsohon ya riga ya shimfiɗa buzunsa a gindin dalbejiya, nesa da taga, inda ba zai ga komai ba, ba zai ji komai ba. Can Incaj ya aika aka kira shi.

"Tsoho, kai ne mai jinya?"

"Ni dai rakiya na yi, ranka shi daɗe."

"Mi kake gare shi?"

Baffa Juli ya dubi ƙasa, ya ce, "Ɗiyata ke ɗakinshi."

Fuskar Incaj ta washe. "Madalla! Babu shaidar da ta kai suruki. Uba na iya rufa wa ɗanshi, suruki ba shi rufawa. Ga galan, ga moɗa. Ka zauna gabanshi, ka sa mishi ido har shi shanye. In ya yi fitsari kuma ka duba ƙyallen."

Na bi Incaj ofis na ce, "Ranka shi daɗe, surukinshi ne hwa. Ba za shi sha gabanshi ba, balle fitsari."

Ya ce, "Malam Garba, nan asibitin gwamnati ne, ba ruga ba. Kunya a bakin ƙofa ake tuɓe ta tare da takalmi."

Wannan magana ta fito ne daga bakin mutumin da na taɓa gani surukinsa ya iske shi da goro a baki. Ya riƙe goron nan a kumatu tun daga gaisuwa har rakiya, yana amsawa da kai, yana hawaye. Ba jahilci ya sa shi ba. A ƙasar nan, Bahaushe da Bafillace, babu wanda bai san mutum ba ya ci, ba ya sha, ba ya nishi a gaban suruki ba. Sai dai Incaj yana ganin duk wanda ya sa farar riga al'ada ta daina ganinsa, shi ma ya daina ganinta.

Aka kawo wa Baffa Juli kujera aka ajiye gefen gado. Ya zauna yana kallon bango. Jaɓɓi ya juya yana kallon ɗaya bangon. Galan yana tsakaninsu. Ko da yake hannun ɗaya zai iya taɓa ɗayan, ta bakina suke magana.

"Malam, a gaya wa mai gadon ga hukuma ta ce shi sha."

Na juya na ce, "Jaɓɓi, ka ji."

Leɓunansa sun tsage, harshe ya yi fari, amma ya ce, "A gaya wa Baffa na ƙoshi."

Lokacin salla na yi, tsohon ya ɗauki galan ya fita da shi, kamar yadda doka ta ce. Ya dawo da shi wayam. Da Incaj ya zo zagaye ya ce, "Shaida, yaya?" sai Baffa Juli ya ɗaga galan, ya kifa shi, ya girgiza.

"Ga shi, ranka shi daɗe. Ba ko ɗigo."

Incaj ya dube ni da irin kallon da malami ke yi wa ɗalibin da ya yi gardama ya faɗi.

Ban sha wahalar gano inda ruwan ke zuwa ba, don shaidar tana ɗaure a gindin dalbejiya. Jakin nan ya zo haƙarƙarinsa a waje, kunnuwa a zube. Kafin kasuwa ta kewayo gashinsa ya kwanta, ya fara kuka da asuba, yana harbin iska. Ƙasar da yake tsaye a kai kullum a jiƙe take. Har wata 'yar ciyawa ta leƙo a wurin, ina jin ita kaɗai ce ɗanya a ƙasar Isa duka.

Na iske tsohon yana tsiyaya masa a ƙwarya, na ce, "Baffa, wanga ruwa magani ne."

Ya ce, "Na sani, ɗana. In aka iske shi cikin galan, za a ce yaron ya ƙi umurnin hukuma, a kore shi. In na zuba shi ƙasa cikin wagga shekara, Allah ba shi barina."

"To ka bar mishi galan ɗin ka hito."

"Mai makulli ya ce in na tashi in tashi da shi."

"Kai hwa? Ka sha?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "In sha ruwan jinyar mijin ɗiyata?"

Da na ba Hajiya Ige labari, ta ce, "To ai shi ke nan. Duk asibitin ga jaki kaɗai ne ba shi da suruki, shi za shi warke."

Ni da ita muka riƙa rage ɗan ruwan da muke zuwa da shi daga gida, in tsohon ya fita salla in ba Jaɓɓi. Abin da zai riƙe rai ne, ba abin da zai tura tsakuwa ba. Fitsarinsa ya ragu, ya yi duhu kamar ruwan shayi, shi ma sai ya daure har tsohon ya fita. Zazzaɓi dai bai shigo ba, kuma shi nake tsoro, kullum hannuna na kan goshinsa.

Incaj ya duba fo, wato kwanon fitsari, ya duba galan, ya yi lissafinsa irin na littafi. Ruwa yana shiga da yawa, ba ya fita. Ma'ana hanya ta toshe. Ya ce a shirya Jaɓɓi, ranar kasuwa sai Sakkwato.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ruwan ba shi shiga. Jaki ke sha."

"Jaki yana cikin majiyyatana?"

"A'a, amma ka leƙa gindin dalbejiya."

"Malam Garba, ina da shaida. Dattijo mai furfura ya kifa min galan gaban jama'a. So kake in ce mishi maƙaryaci saboda jaki ya yi fitsari? Tsarin da babba ya yaba da bakinshi, shi za ka rushe min da jaki?"

Na gane ba ƙodar Jaɓɓi ce kaɗai ta toshe ba, na fito.

Kwana biyu kafin kasuwa, da rana tsaka, Baffa Juli ya sulale daga kujera ya faɗi. Doka ta hana masu jinya ruwan tanki, rijiya tana da nisa, shi kuma ba ya barin aikin da hukuma ta ba shi. Ɗan abin da yake samu wajen masu jinya a masallaci bai kai ya riƙe tsoho a zafin bazara ba. Muka ɗauke shi, muka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Gado ɗaya ne ba kowa a ɗakin maza, wanda ke maƙwabtaka da na Jaɓɓi. Nan aka kwantar da shi.

Yanzu ya zama majiyyaci, yana da haƙƙin galan, kuma yana bukatar shaida. Incaj ya tsaya tsakanin gadajen biyu, ya dubi wannan ya dubi wancan, sai na ga idonsa ya yi haske.

"Ai abin ya zo da sauƙi. Kowa shi zama shaidar ɗan'uwanshi."

Aka jera galan biyu. Mutum biyu masu ƙishirwa suka ba juna baya, kowa na gadin ruwan ɗayan. A waje jaki ya ga lokacinsa ya wuce ba a zo ba, ya ɗaga murya yana kai ƙara.

Washegari, jajibirin kasuwa, Incaj ya tafi Isa neman motar da za ta ɗauki Jaɓɓi, da kuma bin sawun motar tanki. Ya cika galan-galan na yini da na dare ya tafi da makullinsa. Hajiya Ige ta leƙo ɗakin maza, ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon su biyun.

"Malam Garba, haka za mu zura ido a yanka bawan Allah da lahiyarshi?"

"Na yi magana, an ce jaki ba shi cikin majiyyata."

"Mi Incaj ya ce game da mai labule?"

"Ya wuce doka."

"To mi kake jira? Sai ya cancanta?"

Na tafi sito na turo labulen. Tayar nan ta fara ƙara tun daga baranda. Hirar da ake yi a gindin itace ta tsaya cak. Na shigo da shi ɗakin maza, kowane majiyyaci ya bi ni da ido yana addu'ar in wuce gadonsa. Da na tsaya a na Jaɓɓi na kewaye shi, sai na ji ajiyar zuciya daga kowane gado, sannan salati ya biyo baya.

Jaɓɓi ya zaro ido. "Malam, har ta kai nan?"

"Ba ta kai ko'ina ba. Ruwa za ka sha. Ba mai ganinka."

Ya dubi koren ƙyallen, ya nuna wajen gadon tsohon da haɓa, ya yi raɗa, "Yana ji."

Kafin in ba shi amsa, sai muryar Baffa Juli ta taso daga bayan labule, da ƙarfi, kamar mai yi wa kasuwa shela.

"Malam! Ni tun da na hwaɗi jiya kunnuwana suka toshe. Ba ni jin komi. Ko ganga aka buga nan ba ni ji."

Jaɓɓi ya kama moɗa da hannu biyu. Sai da na riƙa janyewa, don wanda ya daɗe da ƙishirwa in ya kwankwaɗa lokaci ɗaya amai zai yi. Kaɗan-kaɗan, a huta, a ƙara. Can sai na ji wani maƙwat-maƙwat daga ɗaya gefen labulen. Kurman ma ya sami galan ɗinsa. Kowannensu yana haɗiya yana tari don ya rufe ƙarar.

Na yi wa Jaɓɓi allurarsa. Zuwa la'asar fitsari ya fara zuwa, yana ƙara haske, ina tacewa. Ciwon ya sauko daga kwiɓi zuwa mara, alamar tsakuwa tana tafiya. Ya kuma sami abin da ya rasa tun zuwansa, wato damar yin nishi. Ya yi shi iya ƙarfinsa, na kwanakin baya ma ya rama.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne masu jinyar da ke waje. Sun ji taya, sun ji nishi. Wani mai tafiya wajen Burkusuma ya ɗauki labari. Ya bar asibiti da cewa an ja wa Jaɓɓi labule, ya isa ruga da cewa an yi masa wanka.

Da safiyar kasuwa harabar asibiti ta cika. Tsofaffi da mata da 'yan raka su, wasu a ƙasa, wasu a kan jakuna, duk sun zo jana'iza. Hajiya Ige ta fita ta ce musu mutum yana nan da ransa. Suka ce sun gode, sun san haka ma'aikata ke cewa kafin babba ya zo. Suka zauna.

Sai ga Incaj a motar da ya samo, motar tanki na biye. Ya sauko ya ga taro, ya ji ana "Allah shi jiƙan Jaɓɓi". Mutanen da suka taka tun daga wajen Burkusuma don gawa, ba a hana su ruwa, ko Incaj ya san wannan. Ya buɗe tanki da hannunsa. Dokar da aka kafa don korar 'yan dubiya ta tara masa taron da tankin bai taɓa gani ba. Bai shigo ɗaki ba, bai tambayi kowa ba. Ya gyara farar rigarsa, ya hau baranda, ya fara karɓar gaisuwa. Ina jin muryarsa ta taga.

"Sai haƙuri. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu. Ruwa dai ya sha shi har ƙarshe, muna da shaida. Kwana ne ya ƙare."

Daidai nan mamacin ya kurma wani ihu da ya ratsa har bakin titi. Sai shiru. Na duba ƙyallen da ke bakin fo. Ga ta nan, ja-ja, mai ƙaiƙayi, ba ta fi ƙwayar dawa ba. Jaɓɓi ya leƙo ya dube ta, ya ce, "Wagga 'yar abu?" Ya koma ya kwanta yana dariya, hawaye na gangara masa cikin kunne.

Na fita baranda da ƙyallen a hannu na ce, "Ranka shi daɗe, ta hita."

"Rai?"

"Tsakuwa."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya aiki da sauri irin ta Incaj ba. Ya karɓi ƙyallen, ya ɗaga shi sama, ya juya ga masu ta'aziyya ya ce, "Kun gani? Abin da nake gaya muku ke nan. Tsari!"

Cikin taron akwai Dije, matar Jaɓɓi, ɗiyar Baffa Juli. Ta yi kuka tun daga ruga har idonta ya kumbura. Hajiya Ige ta shigo da ita daidai lokacin da na janye labule. Ga mijinta zaune da ransa. Ga kuma ubanta a gadon gefe yana nazarin rufin ɗaki. Ta dube su duka biyun. Sannan ta wuce mijin kamar ba ta gan shi ba, ta durƙusa gaban tsohon.

"Baffa, an kwana lahiya? Jakin hwa, ana ba shi ruwa?"

Hajiya Ige ta ce, "Ku dai Allah shi shirye ku, gida guda." Ta kama hannun Dije ta zaunar da ita bakin gadon mijinta, ta jawo labulen ta kewaye su. Baffa Juli ya sake sanar da ɗaki cewa kunnuwansa har yanzu ba su buɗe ba.

Likita ya iso, ya duba Jaɓɓi, ya duba tsakuwar, ya ce babu zancen Sakkwato. Ya sallame shi, ya gargaɗe shi ya riƙa shan ruwa duk inda ya samu, don mai tsakuwa ɗaya yakan yi ta biyu. Ya taya Incaj murna. Incaj kuwa sai da ya cika ƙa'ida. Ya kai ƙyallen gaban tsohon, ya ce, "Shaida, ka ga abin da ya hito daga jikin majiyyaci?"

Baffa Juli ya runtse ido. "Ranka shi daɗe, hwaɗuwar ga ta taɓa min ido ma."

Tsakuwar ta shiga kwalba. Har na bar asibitin, in baƙi suka zo, ita Incaj ke fara nunawa, a matsayin wadda tsarin shaida ya fitar. Dokar ba a taɓa soke ta ba. Mu dai duk wanda ya zo da suruki sai mu turo masa labule. A hankali mutane suka daina salati in sun ji tayar, har ta kai in mai mutuwa ne da gaske sai ɗayanmu ya leƙa waje ya ce, "Wanga na gaskiya ne."

Da la'asar suka kama hanya, don su iske shanu kafin maƙwabcin ya tashi. Jaɓɓi ya ƙi hawa jaki, ya ce tsoho ya hau. Tsoho ya ƙi. Jakin, wanda ya fi su duka ƙarfi, ya tafi ba kaya. A bakin ƙofa Jaɓɓi ya ja ni gefe, ko da yake tsohon yana tsaye nan kusa.

"Malam, a gaya wa Baffa na gode. Ya sha wuya sabili da ni."

Na juya na isar. Baffa Juli ya gyara igiyar da ke hannunsa, yana kallon hanya.

"A gaya mishi ban san zancen da yake yi ba. Ni jakina na kawo asibiti, kuma ya samu sauƙi."

Ya ja gaba, bai waiwayo ba.

Yau akwai na'urar da ke nuna tsakuwa tun tana ƙoda, akwai ma wadda ke farfasa ta ba tare da yanka ba. Duk da haka, abin da na koya a ɗakin nan bai tsufa ba. An horar da mu a kan sa ido: ka duba, ka auna, ka tabbatar. Ba wanda ya koya mana cewa akwai majiyyacin da ba ya warkewa sai an kau da kai. Mutanenmu suna iya daure ƙishirwa da wuƙa a ciki, amma ba sa iya daure idon wanda suke jin nauyinsa, kuma ba za su gaya maka ba, sai dai su ce sun ƙoshi. Na kuma koyi cewa dokar da babba ya yaba ba ta mutuwa, sai dai a kewaye ta da ƙyalle. Saboda haka nakan ce wa sababbin ma'aikata, kafin ka tambayi mara lafiya ko ya sha ruwansa, dubi wanda ke zaune a gefen gadonsa. In aka kifa maka galan wayam, kada ka yi saurin murna. Fita gindin itace ka ga yadda jaki yake.